Ƙuda a Rigar Rina

A gabashin Ingila, ba nisa da birnin Cambridge, akwai wata fadama mai suna Wicken Fen. Tana cikin tsofaffin gandayen da aka keɓe don kare halittu a Birtaniya, domin tun a shekarar 1899 ƙungiyar National Trust ta sayi ɓangaren farko na wurin. Yawancin fadamun shiyyar an daɗe da janye musu ruwa an mai da su gonaki, ita kuwa wannan aka bar ta da ruwanta da ciyayinta. Zuwa yanzu an rubuta sunayen halittu iri-iri fiye da 9,000 da ke rayuwa a cikinta, kuma mafi yawansu ƙwari ne. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da sanyi ya saki ƙasar, maziyarci zai ga mutane sun tsaya cak a bakin hanya, sun sunkuya a kan wasu fararen furanni masu faɗi kamar laima, wani da kyamara, wani da ɗan gilashin ƙara girma, wani da littafi a hannu. Abin da suke kallo wani ƙwaro ne mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, wanda yawancinmu in mun hango shi ja da baya za mu yi, har mu rantse rina ce.

Ba rina ba ce kuwa. Ƙuda ne, ɗan'uwan wanda ke damunmu a bakin kwano, kuma ba shi da ƙarin da zai harbi kowa. Masana suna kiran danginsa Syrphidae, mu kuma bari mu kira shi ƙudan shawagi, saboda gwanintarsa ta tsayuwa a iska. Sai ya tsaya wuri guda kamar an rataye shi da zare, fikafikansa na kaɗawa fiye da sau 100 a sakan ɗaya, sa'an nan ya fizga gefe ya sake tsayawa. Akwai irinsa kusan 6,000 a duniya, wajen 280 daga ciki a Birtaniya, kuma akwai su a gonakinmu da lambunanmu na nan gida, ko da yake ba mu cika ware su da suna ba. Da yawa daga cikinsu sun yi shigar wasu: wannan ya fito kamar rina, wancan kamar ƙudan zuma, wani kuma kamar zanzaro. Wannan shigar ce ta ta da tambayar da nake so mu duba tare. Idan marar laifi ya yi kama da mai cutarwa, a wuyan wa nauyin bambancewa yake?

Mu fara da yadda masu bin waɗannan ƙwari suke gane su, domin rabin amsar a nan take. Abu na farko fikafikai. Rina da ƙudan zuma huɗu gare su, ƙuda kuwa biyu, kuma a gurbin na bayan yana da wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu kamar kan ashana, waɗanda ke taimaka masa ya daidaita jikinsa a iska. Na biyu ƙahonnin nan da ke kan ƙwaro: na rina dogaye ne, na yawancin ƙudajen shawagi gajeru ne ƙwarai, sai an lura ake ganinsu. Na uku idanu. Nasa manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya, kuma a iri da yawa idanun namiji haɗuwa suke yi a tsakiyar ka, na mace kuma akwai rata a tsakaninsu. Na huɗu ƙugu. Kowa ya san tsukakken ƙugun dangin rina, har Bahaushe ya ari sunan zanzaro ya ba cusa riga cikin wando, amma galibin ƙudajen shawagi ba su da shi. Wanda ya sami hoto mai kyau kuma zai ga wata 'yar jijiya a tsakiyar fiffike wadda ba ta haɗe da sauran ba, wadda ita ce tambarin dangin.

Duk waɗannan alamu, in ban da ta ƙarshe, ido kawai suke bukata da natsuwar sakan goma. Sai dai sakan goman nan su ne suka fi komai wuya, domin ratsin baƙi da ɗorawa kan riga tunani isa zuciya. Kafin mutum ya ce zai ƙirga fikafikai, hannunsa ya riga ya ɗaga takalmi.

Wanda ya fara yi wa irin wannan kamanni bayani shi ne Henry Walter Bates, wani Bature ɗan Ingila da ya tafi dajin Amazon a shekarar 1848 ya shafe shekara 11 yana tara ƙwari. A can ya lura cewa wasu malam-buɗe-littafi masu daɗin ci ga tsuntsaye sun ɗauki launin wasu masu ɗaci, waɗanda tsuntsaye ke ƙyama. A takardar da ya wallafa a 1862 ya nuna cewa marar makami na iya tsira idan ya yi kama da mai makami, muddin maƙiyinsu ɗaya ne kuma maƙiyin yana tuna wahalar da ya sha. Bayan shekara ɗari, a 1962, wasu masana biyu a Amurka, Lincoln Brower da Jane Brower, suka gwada abin da kwaɗi. Kwaɗon da ya taɓa haɗiye ƙudan zuma ya sha harbi, sai ya riƙa ƙin cin ƙudan shawagin da ya yi kama da zuma, shi kuwa wanda bai taɓa shan harbi ba cinye shi yake yi hankali kwance. Tun kafin gwajin, Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, shin ƙudan nan maƙaryaci ne? Mutum zai so ya ce sojan gona ne, ya sa kakin da ba nasa ba. Amma ƙarya sai da niyya, shi kuwa bai zaɓi launinsa ba, bai ma san yana kama da kowa ba. Bayanin masana ilimin halittu shi ne, cikin zamani mai tsawo tsuntsaye suka yi ta cinye waɗanda ba su yi kama da rina ba, suna barin waɗanda suka ɗan yi kama, su kuma suna hayayyafa. Wato idon tsuntsu ne telan da ya ɗinka rigar. Akwai kuma wani bambanci. Sojan gona na gaske, wanda ya sayi kaki a kasuwa ya tare hanya, yana amfani da tsoron mutane ne don ya karɓi abin da ke aljihunsu. Iyakar abin da rigar ke samar wa ƙudan shawagi shi ne a ƙyale shi ya sha ruwan furensa.

Duk da haka ba za a ce rigar ba ta ci kuɗin kowa ba. Rina ce ta sayi wannan kwarjini da harbinta, ƙuda kuma yana cin moriya bai biya ba. Idan masu rigar aro suka yi yawa har suka rinjayi masu rigar gaske, tsuntsaye za su fahimci cewa ratsin nan sau da yawa fanko ne, su koma kai hari, ita kanta rinar ma ta shiga uku. Haka amana take a cikin jama'a: kowane likitan bogi yana rage darajar farar rigar likitan ƙwarai. Wannan darasi ne mai kyau, amma a kan mai rigar yake magana. Darasin da ya fi girma yana wajen mai kallo.

Duk wanda ya daɗe yana bin ƙudajen shawagi zai lura cewa yawancinsu ba su iya kwaikwayon ba. Akwai gwanaye, kamar Volucella zonaria, ƙato mai kama da babbar rina ta Turai, ko kuma wasu irin da ke ɗaga ƙafafunsu na gaba suna kaɗawa a gaban fuska don su zama kamar dogayen ƙahonni. Amma da yawa ratsi biyu ko uku ne kawai a ciki, sauran jikin ƙuda ne tsantsa. A shekarar 2012 masu bincike a jami'ar Carleton ta ƙasar Kanada suka wallafa sakamakon auna ire-irensu, suka ga cewa manya ne suka fi kama da abin da suke kwaikwayo, ƙanana kuwa kamanninsu sama-sama ne. Dalilin da suka bayar shi ne, babban ƙuda loma ce da ta isa tsuntsu ya tsaya ya duba da kyau, ƙarami kuwa ribarsa ba ta kai a yi masa kasada ba, don haka ɗan kamanni kaɗan ya ishe shi. Abin da wannan ke nunawa shi ne kamanni ba ya bukatar cika. Inda zanen ya gaza, tsoron mai kallo ne ke ƙarasa shi, kuma gwargwadon yadda abu ya ƙanƙanta a idonka, gwargwadon yadda ba za ka damu da duba shi ba.

'Yan'adam sun daɗe suna faɗawa wannan rami. Mutanen Girka da Rum na dā sun yi imani cewa ƙudan zuma na fitowa daga mushen sa, har mawaƙin Rum, Virgil, ya bayyana yadda ake yi a littafinsa na harkar noma. A 1894 wani masanin ƙudaje ɗan Rasha, Osten-Sacken, ya kawo hujjar cewa abin da suka gani yana tashi daga mushe ƙudan shawagi ne mai suna Eristalis tenax, wanda ya yi kama da zuma sosai, kuma tsutsarsa a ruɓaɓɓen ruwa take girma, tana shaƙar iska ta wani dogon bututu kamar wutsiyar ɓera. Idan haka ne, ƙarnuka aka shafe ana kwafar kuskure daga littafi zuwa littafi, alhali ƙirga fikafikai sau ɗaya ya isa ya warware shi.

Yanzu mu dubi tsuntsu, mu yi masa adalci. Yana da uzuri. Ba shi da lokacin ƙirga fikafikai, kuma kuskure ɗaya na iya jawo masa harbi a maƙogwaro. Idan ya bar ƙuda ya wuce, loma ɗaya ya rasa, idan kuma ya cafki rina, ya sha azaba. A irin wannan lissafi, barin duk mai ratsi shi ne hankali. Amma a lura da abin da tsoron tsuntsu ya haifar: kaucewa. Ya ga ratsi, ya karkata, ya nemi abincinsa a wani wuri, ƙuda kuma ya ci gaba da rayuwarsa. Ba a taɓa ganin tsuntsaye sun yi gayya sun far wa duk mai ratsi don ramuwar harbin da aka yi wa ɗayansu ba.

Mutum ne ke yin haka. Rigar da ta ceci ƙudan shawagi daga bakin tsuntsu ita ce ke jawo masa mutuwa a hannun ɗan'adam, domin mu in mun ji tsoro ba mu cika tsayawa a kan kaucewa ba, sai mun kai duka. A nan nake ganin iyakar take. Tsoro ya halatta maka ka ja da baya, ka rufe taga, ka janye yaro daga wurin, ko da kuwa daga baya ta bayyana ba komai ba ne, domin ja da bayanka bai cutar da kowa ba. Amma daga lokacin da ka ɗaga hannu za ka kashe, ka tashi daga mai gudun cuta ka zama mai yanke hukunci, kuma mai yanke hukunci ba ya da izinin dogara da kama. Nauyin bambancewa a wuyan wanda ke da ikon yin ɓarna yake. Ƙuda ba zai iya tuɓe rigarsa ya nuna maka ba, kai ne ke da ido da lokaci da takalmi.

Wani zai ce ai ƙuda ne kawai, in an kashe shi me aka rasa? An rasa ma'aikaci. Tsutsotsin ƙudajen shawagi da yawa abincinsu shi ne 'yan ƙwarin nan masu laushi da ke taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwan shuka, waɗanda manoma ke kira darɓa, kuma tsutsa ɗaya na iya cin ɗaruruwa kafin ta girma. Manyan kuma suna bin furanni suna ɗaukar garin wannan su kai wa wancan, kamar yadda zuma ke yi. A shekarar 2019 masu bincike ƙarƙashin Karl Wotton na jami'ar Exeter suka yi amfani da na'urar rada suka gano cewa ƙudajen shawagi har biliyan 4 ne ke ƙaura ta sararin kudancin Birtaniya a shekara, suna shigowa daga nahiyar Turai suna komawa, kuma 'ya'yansu na cinye darɓa wajen tiriliyan 6. Mafi yawan matafiyan iri biyu ne, ɗaya daga ciki shi ne Episyrphus balteatus, ɗan siriri mai ruwan lemo da ratsi bibbiyu, wanda shi ne sabon mai koyo kan fara ganewa. A nan Afirka akwai Ischiodon aegyptius, wanda ya bazu a nahiyar, tsutsarsa kuma na cin darɓar da ke kama amfanin gona. Manomin waken da ya ga ƙwari na shawagi a gonarsa ya yi musu feshi gaba ɗaya, ya haɗa ɓarawo da mai gadi ya kashe, kuma darɓa ta fi mai gadin saurin dawowa.

Kada kuma a fita daga wani ramin a faɗa wani, a ce duk ƙudan shawagi alheri ne. Akwai Merodon equestris, wanda tsutsarsa ke cin cikin kan furannin da Turawa ke shukawa masu kama da albasa, akwai kuma wasu cikin dangin Eumerus da ake samu a cikin albasa. Tsutsotsin Volucella kuwa a cikin gidan rina ko na wani irin ƙudan zuma suke girma, wasu suna cin shara, wasu har 'ya'yan masu gidan suke taɓawa. Wanda ya ce duk mai ratsi mugu ne da wanda ya ce duk mai ratsi bawan Allah ne, kuɗin goro suka yi su duka biyu. Abin da ake nema shi ne a san wane ne wannan da ke gabanka.

Ba don ƙwari kawai nake faɗin wannan ba, kuma mai karatu ya riga ya gane. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma mun ga abin da ke faruwa idan jama'a suka manta. A watan Oktoban 2012, a garin Aluu na jihar Ribas, taron mutane ya kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal bisa zargin sata. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta da ke hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Ba ina kwatanta ran ɗan'adam da na ƙwaro ba ne, nesa ba kusa ba. Abin da nake nunawa shi ne tafiyar zuciya iri ɗaya ce. Akwai cuta ta gaske da aka taɓa sha, akwai wata alama da aka liƙa wa cutar, ko tufafi, ko harshe, ko fuska, ko abin da mutum ya riƙe, sai kuma hannu ya riga ido. Wannan hali ba na wata ƙabila ko wani yanki ba ne. Kowannenmu ya san irin mutanen da in ya gansu zuciyarsa ke yanke hukunci kafin su buɗe baki.

Akwai ƙalubale mai nauyi da ya kamata a saurara. Wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa zai ce, kai da ke zaune lafiya kana wa'azin a tsaya a duba, ka san cewa rinar gaske na nan? Ka san cewa wani lokaci sakan goman da kake magana su ne tsakanin rai da mutuwa? Gaskiya ne. Rina na nan, kuma tana harbi, kuma ba a ce wa wanda ya sha harbi ya daina jin tsoro. Amma abin da wannan hujja ta tabbatar shi ne haƙƙin kariya: a guje, a kulle ƙofa, a yi ihu, a tsare wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma. A duk waɗannan, in an yi kuskure ana iya gyarawa, a ba da haƙuri, a saki mutum ya tafi gida. Kisa ne kawai ba ya gyaruwa, kuma lokacin da aka riga aka kama mutum aka zagaye shi, gaggawar ta wuce, babu sauran uzurin rashin lokaci. Shi ya sa malaman fiƙihu suka yi ƙa'idar cewa shubuha na kawar da haddi, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurat a kan tantance labari kafin ɗaukar mataki take magana. Wanda ke da ikon zartarwa shi aka ɗora wa nauyin tabbatarwa.

Tantancewa kuwa abu ne da ake koya, kuma a nan mutanen da ke sunkuye a kan furanni suke da abin koyarwa. A Birtaniya akwai wani shiri na tattara bayanan ƙudajen shawagi da aka fara tun 1976, wanda Stuart Ball da Roger Morris suka daɗe suna jagoranta. Yawancin masu aiko da bayanai ba malaman jami'a ba ne, mutane ne masu sha'awa, suna turo hoto da wuri da kwanan wata, ƙwararru kuma su duba kafin a shigar. Aikin hawa-hawa ne. Da farko ka tabbatar ƙuda ne. Sa'an nan ka gano danginsa na kusa: in ka ga ratsi a tsaye a bayan ƙirjinsa, ka nufi dangin Helophilus, in ka ga dogon baki kamar na tsuntsu, Rhingia ne. Daga nan sai ka nemi irinsa. Eristalis tenax da Eristalis pertinax sun yi kama kamar tagwaye, amma tafin ƙafafun gaba na biyun ruwan ɗorawa ne. A dangin Syrphus kuwa akwai iri uku da aka fi gani, waɗanda sai an duba launin cinyar baya, ko an ga gashi a kan ido, kafin a raba su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan aiki shi ne inda suke tsayawa. Akwai irin da hoto ba ya isa a gane su, kamar yawancin matan dangin Sphaerophoria da da yawa daga baƙaƙen Cheilosia. Idan hoton bai nuna ƙafar da ake bukata ba, mai rubutu zai sa sunan dangi ya ajiye alƙalami, ko da zuciyarsa na raya masa ya san ko wane ne. Yana yin haka ne don ya san sunan da aka rubuta bisa zato zai shiga taswira, wani ya ɗauka ya gina a kai, kuskuren ya yi 'ya'ya. Ka kwatanta wannan da yadda muke yi da waya: hoto marar kyau, ba wuri, ba kwanan wata, an rubuta a ƙarƙashinsa ga ɓarayin da aka kama, kafin magariba ya zagaye rukunoni ɗari na WhatsApp. Mai bin ƙudaje ya fi mu tsantseni a kan sunan ƙwaro fiye da yadda muke yi a kan sunan mutum.

Gaskiya ne su ma sukan kashe. Irin da ba a iya ganewa sai da na'urar hangen ƙananan abubuwa, dole a kama ɗaya a ajiye, kuma a cikinsu akwai masu jin nauyin hakan, har wasu suka taƙaita ga hoto kawai. Amma ko wannan yana ƙarfafa maganar ne: wanda ya san abin da ke hannunsa yakan yi wa kansa hisabi a kan ƙuda ɗaya, wanda bai sani ba kuwa yakan feshe dubbai bai ko waiwaya ba.

Wannan haƙurin ne ke buɗe ido ga abin da gaggawa ke rufewa. Jennifer Owen, wata masaniya a birnin Leicester, ta shafe shekara 30, daga 1972 zuwa 2001, tana rubuta halittun da ke lambun bayan gidanta, ta sami iri 2,673, ciki har da ƙudajen shawagi iri fiye da 90. Maƙwabcinta da ya leƙo ta katanga, mai yiwuwa rina da zuma kawai zai ce ya gani. A Jamus kuma, 'yan wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari a garin Krefeld sun yi shekara 27 suna kafa tarko a gandaye 63 da aka keɓe, suna auna nauyin abin da suka kama. Da aka wallafa sakamakon a 2017, sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100, a wuraren da ake ganin an kare su. Ba don waɗannan mutane sun yi ta aunawa ba, da ƙwarin sun ɓace shiru, domin abin da ba ka san shi ba, ba za ka lura da ranar da ya tafi ba.

Ba sai ka je Ingila ko Jamus ba. Idan mangwaro ya yi fure, ko karas da albasa da aka bari su yi iri suka fitar da kai, ka tsaya a gefe da hantsi ka jira. Wani mai ratsi zai zo ya tsaya a iska daidai fuskarka. Ka bar hannunka a inda yake, ka duba ƙahonnin, ka duba idanun, in ya sauka ka ƙirga fikafikan. Idan rina ce, ka ja da baya ka ba ta hanya, ba ka yi asarar komai ba. Idan kuma ƙuda ne, ka san wanda 'ya'yansa ke gadin wakenka. Wanda ya saba wa idonsa wannan ɗan jinkiri a gaban fure, yana da abin riƙewa ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, aka nuna wani baƙo da bai san kowa ba.